Malamar Shayarwa: Wani Reshe Na Aikin Jinya Da 'Ya'yanmu Za Su Iya Kamawa

Masu jego ina yi muku barka da arziki, Allah ya raya, ya ba ku lafiyar shayarwa. Wadda take tuƙin tuwo ta ci gaba da tuƙinta, kunne kawai nake roƙo.

Abin da ya jawo maganarmu ta yau wasiƙa ce da wata baiwar Allah ta sa ɗanta ya rubuta mata ta aiko mana. Ta ce 'yarta ta gama sakandare, ita kuma ba abin da take so irin aikin jinya. Yarinyar ta ji an ce a cikin aikin akwai waɗanda suka ƙware a kan shayarwa zalla, shi ne ta ce nan za ta dosa. To uwar sai abin ya ɗaure mata kai. Ta ce, "Malama, yanzu shayarwa ma sai an je makaranta? Ni da na shayar da tara, wa ya koya mini?" Ta ce maigidan ma yana jan ƙafa, yana ganin wannan ba aikin da za a ɓata shekaru a kansa ba ne.

Hajiya, na gode da wannan tambaya, ai tambaya rabin ilimi ce. Amma bari in ɗan musa miki, a yi mini afuwa. An koya miki. Lokacin da kika je goyon ciki gidanku, wa ya zauna kusa da ke ya gyara miki riƙon jariri? Wa ya ce ki ɗaga hannu, ki matso da shi, ki daina sunkuyawa? Mahaifiyarki ce, ko kakarki, ko ungozomar unguwa. Makaranta ce wannan, allo ne kawai babu. Abin da ya faru yanzu shi ne an tattara irin wannan sani, an haɗa shi da binciken likitoci, an tace, an riƙe mai amfani, an ajiye wanda aka gano yana cutarwa, ya zama fanni mai zaman kansa. Wadda ta ƙware a wannan fanni ita ce za mu riƙa kira malamar shayarwa a cikin hirar nan.

Kafin in faɗi yadda ake zama ita, bari mu fara duba ko muna ma bukatarta. Dukkanmu mun san irin gidan da zan kwatanta. Yarinya ta yi haihuwar fari. Kwana ɗaya, kwana biyu, ba abin da ke fitowa sai ɗan ruwa mai kauri, rawaya-rawaya. Jariri yana kuka. Sai wata ta ce ai wannan dakashi ne, datti ne, a matse a zubar. Wata ta ce a tatsa a jefa tururuwa a gani, in ta mutu to nonon ba shi da kyau. Kafin a gama shawara an ba yaro ruwa, an ɗura masa jiƙo, an aika kanti a sayo madarar gwangwani da bulumboti. Yaro ya ƙoshi da abin da ba nono ba, ya rage tsotso. Nonon uwa ya cika ya yi tauri kamar dutse, kansa ya tsage, tana ba shi tana hawaye. Bayan mako biyu yaro ya kama gudawa, maɗiga ta faɗa, aka kwashe shi sai asibiti. Wani a dawo da shi, wani kuma sai dai haƙuri. A ƙarshe a ce ai uwar ce ba ta da nono mai kyau, ta ɗauki wannan tabo har haihuwa ta gaba.

Alhali nononta lafiya lau yake. Abin da ta rasa shi ne mace ɗaya mai ilimin abin, wadda za ta zauna da ita na rabin awa a ranar farko.

Mu a nan ba mu da matsalar ƙin shayarwa. Kusan kowace uwa tana ba ɗanta nono, da yawa har shekara ɗaya da rabi ko biyu, kuma addini ya zo da maganar shekara biyu cikakku a aya ta 233 ta Suratul Baƙara. Inda muke tuntuɓe shi ne watanni shidan farko, waɗanda likitoci suka ce nono zalla za a bayar, ko ruwa ba a haɗawa. Binciken lafiyar iyali da ake yi a duk faɗin Nijeriya ya nuna a shekarar 2008 jarirai 13 ne kacal cikin 100 'yan ƙasa da wata shida suke shan nono zalla. A 2013 suka zama 17, a 2018 suka kai 29. An ci gaba, amma kun ga ko a lokacin, cikin kowane jarirai goma, bakwai ana haɗa musu da wani abu, kuma mafi yawa ruwa ne. Shi ya sa a 2019 gwamnati ta ƙaddamar da gangamin daina ba jarirai ruwa kafin wata shida. A duniya baki ɗaya kuwa, wani babban nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2016 ya ƙiyasta cewa da za a shayar da yara yadda ya kamata, da an tsirar da rayukan yara sama da 800,000 a kowace shekara.

To daga ina wannan aiki ya samo asali? Abin mamaki, daga ƙasar da ta kusa mance shayarwa ne. A Amurka, wajen shekarun 1950, madarar gwangwani ta karɓe gida, har ya zama kusan uwa ɗaya ce cikin biyar take ba ɗanta nono. Yarinya ta haihu tana son ta shayar, ta waiga ta ga uwarta ma ba ta shayar ba, ba mai nuna mata. A 1956 wasu iyaye mata su bakwai a kusa da birnin Shikago suka fara taruwa a gidajensu suna koya wa juna. Ƙungiyarsu ita ce La Leche League, kalmar kuwa ta Sifaniyanci ce, ma'anarta madara. Kun ji fa, a cikin ɗaki abin ya fara, tsakanin matan aure, kamar dai yadda muke zaune yanzu. Da tafiya ta yi nisa aka ga akwai matsalolin da suka fi ƙarfin shawarar maƙwabciya, sai a 1985 aka kafa hukuma ta duniya mai shirya jarrabawa, wadda duk ta ci a ba ta takardar shaidar ƙwarewa da ake kira IBCLC. Yau masu riƙe da wannan takarda sun haura 30,000 a ƙasashe sama da 100, amma a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma 'yan ƙalilan ne ƙwarai.

A ɗaya gefen kuma manyan hukumomi sun tashi tsaye. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar da ta taka wa kamfanonin madarar jarirai birki wajen talla, saboda yadda yara suke mutuwa a ƙasashe matalauta in an dama madara da ruwa marar tsabta, ko an tsinka ta don gwangwani ya daɗe. Nijeriya ta yi tata dokar a 1990, hukumar NAFDAC ce take sa ido a kai. A 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin asibiti mai ƙaunar jarirai, mai matakai goma, wanda a ciki aka ce dole a horar da ma'aikatan ɗakin haihuwa su iya taimaka wa uwa ta shayar. Tun daga 1992 kuma ake ware ranar 1 zuwa 7 ga watan Agusta a matsayin makon shayarwa na duniya, na san kuna jin sanarwarsa a rediyo.

Yanzu bari mu shiga ɗaki tare da malamar shayarwa mu ga me take yi.

Abu na farko, tana nan a lokacin haihuwa ko jim kaɗan bayanta. Tana tabbatar da an ɗora jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, an lulluɓe su, ya kama nono cikin awa ɗaya da faɗowarsa. Tana yi wa masu zaman jego bayanin dakashi, cewa wannan ɗan ruwan mai kauri shi ne rigakafin farko na yaro, cike yake da abubuwan da ke kare hanjinsa daga cuta, kuma yana taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko. In aka ce ai ya yi kaɗan, sai ta ce cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi a lokaci guda ba. Allah ya auna abincin daidai da tukunyar. Nono mai yawa yakan sauko ne a kwana na uku ko na huɗu, kuma tsotson yaro ne yake kiransa.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ginshiƙin ilimin gaba ɗaya, ku riƙe ta. Duk lokacin da yaro ya tsotsa, saƙo yana tafiya ƙwaƙwalwar uwa, ita kuma ta saki sinadarai biyu a cikin jini. Ɗaya shi ke sa a ƙera nono, ɗaya shi ke matso shi ya fito. Yawan tsotso, yawan nono. In aka bar nono a cike ba a kwashe ba, jiki sai ya ɗauka ba a bukata, ya rage. Shi ya sa duk kofin ruwa ko madara da aka ba jariri, an rage wa uwarsa nono ke nan ba a sani ba. Shi kuma sinadarin da ke matso nonon, tsoro da ɓacin rai da zafin ciwo suna iya tauye shi na ɗan lokaci. Maijegon da aka tsare da gori da faɗa, nononta yana nan amma sai ya yi nauyin fitowa. Uwayen miji da abokan zama, a taimaka da tattausan harshe, shi ma magani ne.

Abu na biyu, tana zama ta kalli yadda yaro yake kama nono. A nan ne ƙwarewa take. Mafi yawan tsagewar kan nono da kukan rashin ƙoshi daga kamu marar kyau suke. Alamu huɗu take dubawa: bakin yaro ya buɗe sosai, haɓarsa tana taɓa nono, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, sannan baƙin da'irar nan ta nono an fi ganinta ta saman bakinsa a kan ta ƙasa. In kan nono kaɗai ya cafka, uwa za ta ji zafi, shi kuma ba zai samu abin kirki ba. Sai malama ta gyara zaman, kan yaro da jikinsa su miƙe a layi ɗaya, cikinsa ya manne da na uwarsa, hancinsa ya yi daidai da kan nono, a jira ya wangale baki sannan a matso da shi. Sau da yawa a take uwa za ta ce, "Lah, zafin ya tafi." Takan kuma leƙa bakin yaro ta ga ko zaren da ke ƙarƙashin harshensa, wanda muke kira linzami, ya ɗaure shi har ya hana shi tsotso. In haka ne likita za ta tura su, ba a taɓa shi a gida.

Abu na uku, ita ke amsa tambayar nan da ke hana iyaye barci, wato anya yana ƙoshi? Malama ba ta auna ƙoshi da kuka. Tana tambaya sau nawa yake sha, domin jariri sabon haihuwa yana bukatar sau 8 zuwa 12 a yini da kwana. Tana tambaya sau nawa yake fitsari, domin daga kwana na biyar ya kamata ya jiƙa zane aƙalla sau shida, fitsarin kuma ba mai duhu ba. Tana ɗora shi a sikeli. Ta san kowane jariri yakan ɗan rame a kwanakin farko, amma ya kamata ya koma nauyin haihuwarsa cikin kwana 10 zuwa 14. In bai koma ba, ba ta tsayawa lallashi, ta san akwai abin da za a bincika.

Sai maganar ruwa, wadda na san tana ranku. Za ku ce, Malama, a zafin Sakkwato ko Maiduguri, watan azumi ya faɗo a bazara, a ce kada a ba jariri ruwa? To nonon uwa kansa, kashi 87 zuwa 88 cikin 100 ruwa ne. Wanda yake fara fitowa ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa, na ƙarshe ya fi maiƙo, shi ke ƙosarwa. Don haka ake cewa a bar yaro ya gama da ɗaya kafin a juya shi ɗayan. In ana zafi a ƙara ba shi nono, uwar ita ta sha ruwan. Zuma kuwa, duk da albarkarta, likitoci sun hana ba yaron da bai kai shekara ɗaya ba, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a ciki wadda hanjin jariri bai iya yaƙarta ba tukuna.

Abu na huɗu, matsaloli masu nauyi. Nono ya kumbura ya yi ja, uwa tana rawar ɗari da zazzaɓi: malama ta san ba a yaye yaro saboda wannan, ana ci gaba da ba shi, a kuma kai uwar ta ga likita. An haifi bakwaini wanda bai da ƙarfin tsotso: ta koya wa uwa tatsa da hannu a cikin kofi mai tsabta, a ba shi da ɗan ƙaramin kofi, a kuma ɗaure shi a ƙirji fata da fata yini da dare, dabarar da aka fara a wani asibiti a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, yanzu ana yinta a asibitocinmu. An haifi tagwaye: ta nuna yadda za a ba su tare, ta kuma kwantar da hankalin uwa cewa nono yana ƙaruwa gwargwadon masu sha. Uwa tana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki: ta san ƙa'idar yanzu ita ce uwa ta riƙe maganinta kullum ba fashi, ta ba da nono zalla wata shida, ta ci gaba da shayarwa tare da abinci bayan nan, ana duba ta ana duba yaron. Har uwar da nononta ya ƙafe saboda rashin lafiya ko rabuwa da ɗanta, akwai hanyar da ake bi a dawo da shi, da haƙuri da yawan sa yaro a ƙirji.

Akwai kuma al'adunmu na jego. An ce kunun kanwa yana kawo nono. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya. Malamar da ta tashi a cikinmu ta san ba za ta shiga gida ta ce wa tsohuwa duk abin da kuke yi shirme ne ba. Za ta gaishe ta, ta yaba kunun gyada da na gero da romo da ake ba maijego, sannan a hankali ta roƙi a rage kanwa, a sassauta zafin ruwa. Wannan ladabi ba a littafi kaɗai ake samunsa ba, 'yar gida ce take da shi.

To Hajiya, ga hanyar da 'yarki za ta bi. Matakin farko shi ne sakamakon sakandare mai kyau. Makarantun jinya da ungozoma suna neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fizik, Kimistiri da Bayoloji. In ta rasa ɗaya ta sake zama, ba abin kunya ba ne. Na faɗi haka ne don na san 'yan mata da yawa a karkara a nan suke tsayawa. Tsakanin 2012 da 2020 an yi wani shiri mai suna Women for Health a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya har da Barno, wanda ya riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka yana ba su karatun share fage don su cike wannan giɓi. Da yawansu sun shiga makarantun lafiya da goyonsu a baya, suka gama suka koma garuruwansu aiki. Ke nan aure da haihuwa ba su rufe ƙofar ba.

Mataki na biyu, karatun jinya ko na ungozoma. Kusan kowace jiha tana da kwalejinta. A tsarin da aka daɗe ana bi shekara uku ne, kwalejoji da yawa kuma sun koma tsarin difloma mai hawa biyu na shekara huɗu. Wadda ta bi ta jami'a, kamar Ahmadu Bello a Zariya ko Bayero a Kano, digirin jinya shekara biyar ne. Ko ta ina ta bi, sai ta ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta karɓi lasisi kafin ta taɓa majinyaci.

Mataki na uku, ta nemi a ajiye ta inda iyaye da jarirai suke: ɗakin awo, ɗakin haihuwa, ɗakin masu jego, sashen jarirai marasa lafiya, ko wurin rigakafi. A nan hannunta zai faɗa. A nan kuma za ta riƙa samun gajerun kwasa-kwasai. Akwai na awa 20 da aka tsara wa ma'aikatan ɗakin haihuwa, akwai na awa 40 na koyon ba da shawara kan shayarwa wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar tun 1993. Nas ɗin da ta yi waɗannan ta riga ta zama abin dogaro a asibitinta, ko da ba ta wuce nan ba.

Mataki na huɗu shi ne takardar duniya da na ambata. Ga ma'aikaciyar jinya ko ungozoma, ana neman abu biyu kafin ta zauna jarrabawa. Na ɗaya, karatu na awa 95 a kan shayarwa, biyar daga ciki a kan iya magana da mutane ne, kuma ana iya yin wannan karatu ta intanet daga gida. Na biyu, ta nuna ta yi awa 1,000 tana taimakon masu shayarwa hannu da hannu a cikin shekaru biyar da suka gabaci neman jarrabawar. Kada adadin ya ba ku tsoro. Wadda take yin awa huɗu a rana a kan wannan, kwana biyar a mako, cikin shekara guda ta cika. Akwai wata hanyar ta awa 500 a ƙarƙashin kulawar wadda ta riga ta mallaki takardar, sai dai samun irinta a kusa shi ne aiki. Jarrabawar tambaya 175 ce, a kwamfuta ake yi, wani sashe nata hotuna ne za a nuna mata ta faɗi abin da ta gani. Sau biyu ake yinta a shekara. Ana yi da Turanci da Faransanci da wasu harsuna, ba a yi da Hausa, don haka 'yan'uwanmu na Nijar su ma ƙofa a buɗe take. Ana biyan kuɗi, amma an sassauta wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. In ta ci, duk shekara biyar sai ta sabunta, ko ta nuna ta ƙaro ilimi ko ta sake zama jarrabawa.

Ba zan ɓoye muku ba, hanya ce mai tsawo. Daga gama sakandare zuwa wannan takarda a yi lissafin shekara shida ko fiye. Kuma a yawancin asibitocinmu za a ɗauke ta ne a matsayin nas ko ungozoma, albashinta na nas ne, da aikin dare da komai, ƙwarewar ƙari ce a kai. Amma ƙarin yana da amfaninsa. Ita za a riƙa kira in an rasa yadda za a yi da bakwaini. Ita za ta horar da sauran ma'aikata. Ƙungiyoyin da ke yaƙi da tamowa suna neman irinta. A manyan birane kamar Legas da Abuja akwai masu bin gida-gida suna duba masu jego ana biyansu. Kuma aiki ne da mafi yawansa tsakanin mace da mace yake, a cikin ɗaki, labule a sake.

Wannan shi ne abin da nake so ki gaya wa maigida, cikin ladabi, bayan ya ci abinci ya huta. Ki ce masa, Malam, in 'yarka ko matar ɗanka nononta ya kumbura, wa kake so ya duba ta? Mata nawa ne suke danne ciwo har ya zama ƙurji ya fashe, don kunyar buɗe ƙirji a gaban namiji? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In kowa ya hana tasa 'yar karatu, to ranar da muka je asibiti wa za mu tarar? Ki bar shi ya yi tunani, kada ki matsa. Ki kuma nemi wani babba da yake jin maganarsa, ko wata ma'aikaciyar asibiti mai mutunci a unguwa, ta zo ya ga irin abin da 'yarsa za ta zama.

Ku kuma da kuke cikin gida, waɗanda karatun boko ya wuce ku ko bai samu ba, kada ku ce ba ruwanku. Na gaya muku matan aure bakwai ne suka fara wannan abu a ɗakunansu. A garuruwa da yawa ma'aikatan lafiya suna haɗa ƙungiyoyin iyaye mata masu taimakon juna a kan ciyar da jarirai, a cikin gida ake zama, mata zalla. In akwai a unguwarku, a nemi izini a shiga. In babu, abin da kuka ji yau ma ya isa ku fara. Ranar da aka yi haihuwa a gidanku ko maƙwabta, ki zama ke ce mai cewa a sa shi a nono yanzu, kada a zubar da dakashi, a ajiye kofin ruwan nan. Ki zauna kusa da maijego ki duba bakin yaron, ya buɗe sosai? Haɓarsa ta taɓa? Ki ƙirga zanen fitsari. In kuma kika ga jariri ya ƙi kama nono sam, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi, ko ya saki, ko idonsa da tafin hannunsa sun yi rawaya, ko yana numfashi da sauri, to wannan ya wuce shawarar ɗaki, a gaya wa maigida a tafi asibiti a ranar, kada a jira suna.

Ita kuma 'yar tamu mai son wannan aiki, in tana kusa da rediyo, ki ji da kyau 'yata. Ki riƙe littafinki, ki gyara sakamakonki, ki koyi haƙuri da sauraro, domin uwar da take kuka da jariri a hannu ba ta bukatar tsawa. Ki fara tun yanzu, in yayarki ko matar yayanki ta haihu ki zauna ki kalla, ki yi tambaya. Sannu ba ta hana zuwa.

A nan za mu dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana kamar yadda aka saba, wadda ba ta iya rubutu ta sa yaro ya rubuta mata. A mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauko maganar abincin da ake fara ba yaro in ya cika wata shida, da yadda za a inganta kunu da abin da ke cikin gida. Allah ya raya mana zuriya, ya sauki masu ciki lafiya. A gaida maigida, a shafa kan yara. Wassalamu alaikum.